Abin da Kunne ke Ji da Abin da Yake Bari: Tarihin Binciken Sauti

Waƙa mai tsawon minti biyar, idan tana kan faifan CD, tana cin wuri kamar megabait 53. Ita wannan waƙar, idan mai tura waƙoƙi na bakin kasuwa ya zuba maka ita a memori a matsayin MP3, ba ta cika megabait 5 ba. Kusan kashi goma cikin sha ɗaya na lambobinta sun tafi, amma ka saurara ka ji kiɗa daidai, murya daidai, har amshin 'yan mata na nan. To ina sauran suka shiga?

An zubar da su ne da gangan, domin masu ƙirƙirar wannan tsari sun san wane sauti kunnen ɗan Adam ke kamawa, wane kuma ke wuce shi bai sani ba. Wannan sanin bai samu a rana ɗaya ba. An ɗauki fiye da shekara dubu biyu ana tara shi, ta hannun makaɗa, likitocin fiɗa, masana lissafi da injiniyoyin tarho. Kunne ya girmi kaka, in ji Bahaushe. Bari mu bi labarinsa tun daga tushe, domin a ƙarshensa akwai abin da ya shafi duk mai kwana da iyafis a kunne.

Tsirkiya ce malamar farko

Girkawan da suna ba da labarin cewa Pythagoras, wanda ya rayu a ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya wuce ta wata maƙera ya ji gudumomi suna ba da amo mai daɗi, da ya auna nauyinsu sai ya gano sirrin. Labari ne mai armashi, amma duk wanda ya gwada da gudumomi ba zai samu wannan sakamako ba. Abin da ya tabbata shi ne na tsirkiya. Idan ka danne tsirkiya a tsakiyarta ka kaɗa rabin, za ta ba ka amo iri ɗaya da na farko amma a sama. Idan ka kaɗa kashi biyu cikin uku na tsawonta, za ka samu wani amon da ke tafiya da na farkon lafiya lau. Mai goge da mai garaya sun san haka da yatsunsu, ko da ba su taɓa rubuta shi da lamba ba. Abin da Girkawa suka ƙara shi ne lambar.

Malaman Musulunci suka ɗora daga nan. Al-Farabi, wanda ya rasu a wajen shekarar 950, ya rubuta babban littafi a kan kiɗa, inda ya auna tazarar amo a wuyan kayan kiɗa masu tsirkiya. A wannan ƙarnin kuma, malaman Basra da ake kira Ikhwanus Safa sun bayyana cewa idan abu biyu suka yi karo, iskar da ke tsakaninsu kan tunkuɗa ta bazu ta kowace fuska kamar ƙwallon da ke kumbura, tana raguwa da ƙarfi gwargwadon nisan da ta yi. Wannan bayani bai yi nisa da abin da ake koyarwa yau ba.

Sai dai tambaya ɗaya ta daɗe ba amsa: mene ne ainihin bambancin amo siriri da amo mai kauri? A ƙarshen ƙarni na 16, wani makaɗi ɗan Italiya, Vincenzo Galilei, ya rataya nauyi a kan tsirkiyoyi ya gano cewa kafin amo ya hau ninki biyu, sai an ninka nauyin sau huɗu. Ɗansa, Galileo, ya bayyana a littafinsa na 1638 cewa amo ya danganta ne da sau nawa abu ke kaɗawa gaba da baya cikin wani lokaci. Wani limamin coci Bafaranshe, Marin Mersenne, ya riga shi buga ƙa'idojin a 1636: tsirkiya gajera, ko siririya, ko wadda aka ɗaure tam, ta fi saurin kaɗawa, don haka amonta ya fi hawa. Wannan ƙa'idar ce ke aiki a hammatar mai kalangu. Idan ya matse tsarkiyoyin, fata ta ɗaure, kaɗawarta ta ƙaru, amo ya hau. Ya saki, amo ya sauka. Da haka kalangu ke bin hawa da saukar muryar Bahaushe har mahauta su gane kirarin da ake yi musu.

A yau ana ƙirga wannan kaɗawa a sakan ɗaya, ana kuma kiran ma'aunin da sunan Bajamushe Heinrich Hertz. Kunnen yaro mai lafiya na jin abin da ke kaɗawa daga kamar sau 20 zuwa sau 20,000 a sakan.

Bindiga, ƙararrawa da tafki

A 1660, Robert Boyle a Ingila ya sa agogo a cikin tulun gilashi, ya riƙa zuƙe iskar da ke ciki da famfon da Robert Hooke ya haɗa masa. Iska na raguwa, ƙarar agogon na dusashewa, alhali ana ganin yana aiki. Da aka maido da iska, ƙara ta dawo. Ashe sauti ba ya tafiya sai da abin hawa.

To da wane gudu yake tafiya? Wani limamin coci a Ingila, William Derham, ya riƙa hawa hasumiyar cocinsa da ke Upminster da tabaron hangen nesa. Ya sa ana harba bindiga daga wurare masu nisan da aka sani, yana ganin walƙiyar harbin, yana ƙirga lokacin da ƙarar za ta ɗauka kafin ta iso. Sakamakon da ya fitar a wajen 1709 ya yi kusa da na yau, wato mita 343 a sakan idan zafin iska yana digiri 20. Isaac Newton ya nemi fitar da wannan lamba ta lissafi tsantsa, amma tasa ta gaza da kusan kashi 15 cikin ɗari. Giɓin ya zauna fiye da shekara ɗari, sai a 1816 Bafaranshe Laplace ya nuna dalili: idan sauti ya matse iska takan ɗumama, kuma abin na faruwa da saurin da zafin ba ya samun damar fita, wannan ne ke ƙara wa iskar tauri, gudu ya ƙaru. Shi ya sa da tsakar rana a watan Afrilu a Sakkwato ko Maraɗi, lokacin da zafi ke kai digiri 40, sauti na gudun kusan mita 355 a sakan. Kuma shi ya sa idan ka ga walƙiya da damina, ka ƙirga sakan uku kafin tsawa, to abin ya faru ne kamar kilomita ɗaya daga inda kake.

A 1826, Daniel Colladon da abokin aikinsa Charles Sturm suka auna gudun a cikin ruwa a Tafkin Janeba. Jirgi ɗaya ya nutsar da ƙararrawa, ana bugunta a daidai lokacin da ake kunna albarushi a sama. Jirgi na biyu na can nesa da kilomita fiye da goma, da dogon bututu a ruwa ana saurare. Suka samu mita 1,435 a sakan, sama da ninki huɗu na gudunsa a iska. A riƙe wannan bambanci na ruwa da iska, domin shi ne babbar matsalar da kunne ke warwarewa.

Guduma, maƙera da likkafa

Kunnen ciki yana ɓoye a cikin ƙashi mafi tauri a ƙoƙon kai, don haka likitocin da suka daɗe ba su leƙa shi ba. Sai a ƙarni na 16 masu fiɗa a jami'o'in Italiya suka fara fasa shi. A bayan dodon kunne suka tarar da ƙananan ƙasusuwa. Andreas Vesalius ya zana biyu daga ciki a littafinsa na 1543, aka kamanta su da guduma da maƙera. A 1546 Giovanni Ingrassia ya gano na uku, wanda siffarsa sak likkafar doki. Tsawonsa kamar milimita 3 ne, babu ƙashin da ya kai shi ƙanƙanta a jikin mutum. A 1561 Gabriele Falloppio ya bayyana wani lungu da ya naɗe kamar katantanwa, sunan da ya bi shi ke nan har yau.

Tun zamanin Aristotle ana ɗauka cewa iska ce cike da kunnen ciki. A 1761 wani matashin likita a Naples, Domenico Cotugno, ya nuna cewa ruwa ne. Nan aikin ƙasusuwan uku ya fito fili. Idan sauti ya taso daga iska ya doki ruwa, kusan kashi 999 cikin 1,000 na ƙarfinsa komawa baya yake yi. Wanda ya taɓa nutsewa a rafi ya san yadda hayaniyar bakin gaɓa ke ɗaukewa. Dodon kunne ya fi ƙaramar tagar da likkafa ke turawa faɗi da kamar ninki 17. Ƙasusuwan suna tattara abin da faffaɗan wuri ya kama su sauke a ɗan ƙaramin wuri, kamar yadda ƙusa ke tara bugun guduma a tsininta, matsi ya ƙaru da kusan ninki ashirin, ruwan ciki ya motsa.

A 1851 Alfonso Corti, ɗan Italiya da ke aiki a Würzburg ta Jamus, ya duba cikin katantanwa da madubin ƙara girma. Ya ga jerin ƙwayoyin halitta zaune a kan wani shimfiɗaɗɗen tantani mai bin naɗin katantanwar daga gindi zuwa ƙoƙuwa. Daga baya aka ƙirga: tantanin na da tsawon kamar milimita 35, a kansa akwai layi ɗaya na ƙwayoyi masu gashi a ka, kimanin 3,500, da wasu layuka uku masu kimanin 12,000. An ga kayan aiki, amma ba a san yadda suke aiki ba.

Gardamar da wayarka ta raba

Mabuɗin ya fito daga inda ba a zata ba. A 1822 Joseph Fourier ya buga littafi a kan yadda zafi ke ratsa ƙarfe, a ciki ya nuna cewa duk wata kaɗawa mai maimaita kanta, komai murɗewarta, ana iya warware ta zuwa tarin kaɗawa masu sauƙi. Muryar namiji da ke kaɗawa sau 100 a sakan ba ita kaɗai take fita ba, tana tafe da 'ya'yanta: 200, 300, 400, har sama. Yadda ƙarfin 'ya'yan ya rabu shi ke bambanta algaita da sarewa ko da amo ɗaya suka busa, shi ne kuma ke sa ka gane muryar mahaifiyarka a cikin taro.

Georg Ohm, wanda ɗaliban lantarki suka sani, ya ce a 1843 kunne ma warwarar nan yake yi, kuma ba zai ji wani amo ba sai kaɗawar na nan a cikin iska. August Seebeck ya musa. Ya yi gwaji da faifai mai huji da ake hura wa iska, ya nuna cewa mutum na jin amon uwa ko da ƙarfinta ya kusan ɓacewa, muddin 'ya'yanta na nan. Hermann von Helmholtz ya goyi bayan Ohm a babban littafinsa na 1863. Ya ce a ɗauka kunne kamar fiyano ne da aka buɗe: ka yi waƙa a gabansa, kowace tsirkiya za ta amsa nata amon. A ganinsa zaruruwan tantanin katantanwa su ne tsirkiyoyin, gajeru na gindi don siraran amo, dogaye na ƙoƙuwa don masu kauri, kowanne da jijiyarsa zuwa ƙwaƙwalwa. Girman Helmholtz ya danne maganar Seebeck kusan shekara tamanin, sai a wajen 1940 Jan Schouten, a ɗakin binciken kamfanin Philips a Holan, ya tabbatar da ita da kayan lantarki.

Wannan gardama ta shafi Bahaushe kai tsaye. Layin tarho na gargajiya yana wucewa ne da abin da ke tsakanin kaɗawa 300 da 3,400 kawai. Muryar namiji na wajen 100 zuwa 150, ta mace na wajen 200 ko sama da haka kaɗan. Ke nan uwar amon ba ta isowa kunnen mai saurare. Hausa kuwa harshe ne mai karin sauti: hawa da saukar murya ne ke raba wuya na jiki da wuya ta wahala, kuka na hawaye da kuka ta miya, fari na launi da fari na rashin ruwa. Da a ce maganar Ohm ce kaɗai gaskiya, da hirar waya da Hausa ta zama aiki. Abin da ke faruwa shi ne, kunne na samun 300, 400, 500, ƙwaƙwalwa ta lura tazararsu ɗari-ɗari ce, ta maido da amon 100 da kanta.

Injiniyan gidan waya da kunnen giwa

Tarho da kunne sun haɗu tun farko. Alexander Graham Bell malamin kurame ne, mahaifiyarsa da matarsa duk ba sa ji. A 1874, shi da wani likitan kunne a Boston, Clarence Blake, suka haɗa na'ura da kunnen mamaci na gaske, suka liƙa tsinke a jikin ƙasusuwan yana zana kaɗawar murya a kan gilashi mai hayaƙi. Ganin yadda ɗan siririn tantani ke motsa ƙashi ya ƙarfafa masa tunanin cewa tantani zai iya motsa ƙarfe a gaban maganaɗisu. Bayan shekara biyu, a 1876, ya yi rajistar tarho.

Wanda ya leƙa katantanwa tana aiki shi ma ma'aikacin tarho ne. Georg von Békésy, haifaffen Budapest a 1899, ya kama aiki a ɗakin binciken hukumar gidan waya ta Hungari a shekarun 1920. Tambayar da ke gabansa ta kuɗi ce: a ina ya kamata a kashe kuɗi don gyara ingancin kira, a waya ko a kan tarho? Ya ga ba zai iya amsawa ba sai ya san iyakar abin da kunne ke rarrabewa. Ya riƙa karɓo ƙasusuwan kunnen mamata daga asibiti, yana huda katantanwa a ƙarƙashin ruwa, yana barbaɗa garin azurfa a kan tantanin, yana haska shi da fitila mai ƙyaftawa daidai da kaɗawar sautin don motsin ya yi kamar ya tsaya. Ya gwada na dabbobi iri-iri, har da na wata giwa da ta mutu a gidan namun daji.

Abin da ya gani, ya fara bugawa a 1928, ya gyara maganar Helmholtz. Tantanin ba tsirkiyoyi ne daban-daban ba. Idan likkafa ta tura ruwa, wata igiya ce ke tashi daga gindi tana bin tantanin, kamar ka kaɗa tabarma daga gefe ɗaya. Igiyar na girma har ta kai wani wuri ta yi tozo, sannan ta mutu nan take. Gindin tantanin siriri ne mai tauri, ƙoƙuwar kuma faffaɗa ce mai laushi, don haka siririn amo na yin tozo a kusa da ƙofa, mai kauri sai ya yi nisa. Helmholtz ya yi daidai cewa kowane amo da mazauninsa, hanyar zuwa can ce ya kuskure. An ba Békésy kyautar Nobel a 1961.

Kunnen da ke magana

Akwai abin da bai zauna ba. A kunnen mamaci, tozon igiyar faffaɗa ne, kuma sai an buga ƙara mai tsanani ake ganinsa. Mai rai kuwa yana jin raɗa, yana raba amo biyu masu kusanci ƙwarai. A 1948 wani matashi a Cambridge, Thomas Gold, wanda ya yi aikin na'urar rada lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya ce abin da ke kaɗawa a cikin ruwa ba zai yi wannan kaifi ba sai da abin da ke ƙara masa ƙarfi daga ciki, kamar yadda ake yi a rediyo. Ya ma ce idan haka ne, ya kamata wani lokaci kunne ya fitar da sauti da kansa. Masana kunne ba su saurare shi ba, ya koma ilimin taurari.

Bayan shekara talatin, a 1978, David Kemp a Landan ya sa ƙaramar makirfo a cikin kunnen mutum, ya aika ɗan gajeren sauti, sai ga wani sauti na dawowa daga ciki bayan 'yan dubunnan sakan. A 1985 William Brownell da abokan aikinsa suka ga dalili: ƙwayoyin nan 12,000 na layukan waje suna miƙewa suna tsukewa idan lantarki ya taɓa su. Suna rawa tare da igiyar, suna ƙara mata ƙarfi ninki ɗaruruwa, kamar masu tura lilo a daidai lokacin da ya dace. Su kuma 3,500 na ciki su ne masu kai rahoto: gashinsu ya lanƙwasa, ƙofofi su buɗe, lantarki ya bi zaruruwan jijiya kimanin 30,000 zuwa ƙwaƙwalwa. Da binciken Kemp ne ake gwada jin jariri tun yana kwana ɗaya a duniya, yana barci, ba tare da ya ce komai ba.

Yadda aka mai da raunin kunne sana'a

A can Amurka, kamfanin tarho na Bell ya zuba kuɗi a auna ji. Daga nan ma'aunin desibel ya fito a shekarun 1920. Dalilinsa, tsakanin mafi ƙanƙantar abin da kunne ke ji da ƙarar da ke sa shi zafi akwai ninki miliyan sau miliyan, don haka aka yi ma'auni da duk ƙarin 10 ke nufin ninki goma na ƙarfi. A 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson suka nuna kunne ba ya yi wa amo adalci: ya fi kaifi tsakanin kaɗawa 2,000 da 5,000, yana da nauyi a can ƙasa da can sama. Kafin nan, a 1924, Wegel da Lane sun auna yadda babban sauti ke rufe ƙaramin da ke kusa da shi a amo. Igiyar Békésy ta bayyana wannan: idan babbar igiya ta mamaye wani yanki na tantani, ƙaramar da ta faɗo wurin ba ta da mai kai rahotonta. Wanda ya taɓa ƙoƙarin magana kusa da injin markaɗe ya san haka.

Mu masu rubuta manhaja nan muka shigo labarin. Faifan CD, da ya fito a 1982, yana auna sauti sau 44,100 a sakan, saboda ƙa'idar Nyquist da Shannon ta ce sai ka auna fiye da ninki biyu na amo mafi tsayi da kake son adanawa, iyakar kunne kuwa 20,000. Yana adana komai, wanda za a ji da wanda ba za a ji ba. A shekarun 1980, Karlheinz Brandenburg da abokan aikinsa a Erlangen ta Jamus suka sa kwamfuta ta yi abin da katantanwa ke yi. Manhajar na yanka waƙa gunduwa-gunduwa, ta warware kowace gunduwa zuwa layukan amo 576 da lissafin da ya samo asali daga Fourier, sannan ta tambaya: wanne ne wani ya rufe, wanne ne ya yi ƙasa da abin da kunne ke kamawa? Waɗannan sai a rubuta su sama-sama ko a watsar, a kashe lambobi a inda kunne ke sa ido. Sun sha wuya da muryar mutum ita kaɗai ba kiɗa, har Brandenburg ya saurari wata waƙar Suzanne Vega sau ba adadi yana gyara. An fitar da tsarin a hukumance a 1993, aka raɗa masa sunan MP3 a 1995. Saƙon murya na WhatsApp yana amfani da wani sabon tsari mai suna Opus, amma dabarar ita ce dai. Karatun malamai da waƙoƙin da suka yawata daga waya zuwa waya ta Bluetooth a Kano da Damagaram, tun kafin data ta yi araha, sun yiwu ne saboda wannan aski.

Abin da ba ya dawowa

Tarihin nan ya kuma gano iyaka. Ƙwayoyin gashin da aka haife ka da su, su ke nan. A 1988 aka tabbatar cewa tsuntsaye na sake tsiro da nasu idan sun lalace. Mutum da sauran dabbobi masu shayarwa ba sa yi. Ƙara mai yawa tana fara kashe na layukan waje, galibi a yankin kaɗawa 4,000, kusa da inda sautukan s, sh, f da ts suke. Shi ya sa mai wannan matsala ba ya cewa ya kurumce. Cewa yake yana jin magana amma ba ya ganewa, musamman a kasuwa ko wurin biki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro. Ma'auninta ga babba shi ne desibel 80 na awa 40 a mako. A desibel 90, awa 4 ne kacal. A 100, wanda iyafis ke iya kaiwa idan an ƙure shi, bai kai rabin awa ba a mako guda. A yankinmu akwai ƙarin barazana. Sanƙarau, wanda annobarsa ta 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, yana iya shiga katantanwa ya kashe ƙwayoyin, wani lokaci har lungun ya cike da ƙashi. Wasu allurai irin su jentamaisin, idan aka yi su barkatai ba da awon likita ba, su ma suna kashe su.

Akwai dabarar tsallake ƙwayoyin. A 1957 a Faris, André Djourno da Charles Eyriès suka sa waya a jijiyar jin wani kurma ya ji ƙara. William House ya ci gaba a Los Angeles daga 1961, sannan Ingeborg da Erwin Hochmair a Biyana a 1977, da Graeme Clark a Melbourne a 1978, suka dasa na'urori masu tashoshi da yawa. Ana zura siririyar waya cikin katantanwa, kowace tasha na taɓa mazaunin wani amo, bisa taswirar Békésy. Dubban ɗaruruwan mutane na jin magana da ita yau. Amma tashoshi 12 zuwa 22 ne ke tsaye a madadin ƙwayoyi 3,500, kuma abin da ya fi ba su wuya shi ne hawa da saukar amo. Bincike a kan masu jin Sinanci, wanda shi ma harshe ne mai karin sauti, ya nuna hakan. Ga tsada, ga ƙarancin masu aikin. A farkon 2024 likitoci a Shanghai suka ba da rahoton yara da aka haifa kurame sun fara ji bayan an gyara musu ƙwayar gado ɗaya, sai dai wannan na wani nau'i ne da ba kasafai ake samu ba, bai shafi wanda ƙara ta ɓata wa kunne ba.

Don haka abin da ya rage a hannunmu rigakafi ne. A rage ƙarar waya zuwa ƙasa da kashi 60 cikin ɗari, a riƙa cire iyafis ana hutawa. Mai aikin injin niƙa, mai walda da mai zama kusa da janareta su nemi abin toshe kunne. A daina ajiye jarirai gaban lasifika a wurin biki. A kai yara rigakafin sanƙarau, wanda kuma ya tashi daga cutar a gwada jinsa da wuri, kafin ƙashi ya rufe hanya. Idan ka taso daga taro kunnenka na ƙugi kamar an bar rediyo ba tasha, ƙwayoyin layin waje ne suka jigata a daren, kuma ba kowane lokaci dukkansu ke farfaɗowa ba.